Ɗan Sanda Ɗan Gari: Abin da Tarihin Tsibirin Jersey Ya Nuna

A cikin fannonin ƙagaggun labarai da Turawa suka ƙware a kansu akwai wani wanda marubuci kan ɗauki babban al'amari daga tarihi ya birkice shi, ya ƙaddara cewa wanda aka ci da yaƙi shi ne ya yi rinjaye, sa'an nan ya zauna ya tsara irin duniyar da za ta biyo baya, da sarakunanta da dokokinta, har da kakin 'yan sandanta. An san Imamu Malik, Allah ya yi masa rahama, ba ya sha'awar a tambaye shi hukuncin abin da bai auku ba, alhali kuwa malaman Iraƙi, almajiran Imamu Abu Hanifa, sun shahara da ƙaddara mas'aloli tun kafin aukuwarsu domin su gwada ƙarfin ƙa'ida. To, wanda ya dubi irin waɗannan labarai da idon malaman Iraƙi zai ga ba su rasa fa'ida ba, ko da yake masu rubuta su nishaɗi suka nufa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna a wannan fanni shi ne littafin da Len Deighton ya fitar a 1978, mai suna SS-GB, inda ya ƙaddara cewa Hitila ya ci Ingila a 1941, kuma maimakon ya ɗora labarin a kan janar ko ɗan majalisa, sai ya ɗora shi a kan wani ɗan sandan ciki na birnin Landan, wanda ya wayi gari yana binciken kisan kai kamar yadda ya saba, a ofishin da ya saba, illa dai masu ba shi umarni yanzu Jamusawa ne. Akwai basira cikin wannan zaɓi, domin talaka a ƙofar gidansa yake sanin hukuma, kuma wanda hukuma ke aikowa ƙofar gida shi ne ɗan sanda. Mas'alar da ke ƙunshe a ciki ita ce: idan mai ba da umarni ya sake, ko ya lalace, mene ne zai hana ɗan sanda zama makami a kan mutanen da aka ɗauke shi ya tsare? Neman amsarta ba sai an shiga duniyar ƙage ba, gama akwai wani ɗan yanki na ƙasar Sarkin Ingila da abin ya same shi a zahiri, kuma tarihin 'yan sandansa, kafin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, ya cancanci mai hankali ya tsaya a kansa, musamman a wannan lokaci da ake ta muhawara a Nijeriya game da 'yan sandan jihohi.

Wannan yanki shi ne Jersey, wani tsibiri da ke cikin tekun da ya raba Ingila da Faransa, wanda tsakaninsa da gaɓar Nomandi mil 14 ne kacal, tsawonsa mil tara, faɗinsa biyar, jama'arsa kuwa a ƙidayar 2021 dubu 103 ne da 'yan kai, wato ƙananan hukumomi da yawa a ƙasar Kano sun fi shi mutane. Asalinsa yanki ne na masarautar Nomandi, wadda mai mulkinta Wiliyam ya ci Ingila a 1066. Da Sarki John ya rasa Nomandi a hannun Sarkin Faransa a 1204, sai mutanen Jersey da tsibiran da ke maƙwabtaka da ita suka tsaya a kan mubaya'arsu ga gadon sarautar Ingila, aka kuwa saka musu da barin su a kan dokokinsu da al'adunsu. Har wa yau Jersey ba ta da wakili a majalisar Landan. Tana da tata majalisa, da nata kotuna, da nata haraji, Birtaniya kuwa tsaron ƙasa da mu'amala da ƙasashen waje ne suka rataya a wuyanta.

An kasa tsibirin gunduma 12, kowace da shugabanta wanda jama'a ke zaɓa, suna kiransa Connétable da harshen Faransanci da suka gada, kuma kowace gunduma tana da nata 'yan sanda na sa-kai, waɗanda tsarinsu ya girmi 'yan sandan albashi na Ingila da ɗaruruwan shekaru. Babba a cikinsu shi ne Centenier, wanda a asali gida ɗari ke ƙarƙashinsa, sai Vingtenier mai gida ashirin, sa'an nan ƙananan jami'ai. Mutanen gunduma ke zaɓensu na wa'adin shekara uku, su yi rantsuwa gaban babbar kotun tsibirin, kuma ba a biyansu albashi. Manomi ne, ko mai kanti, ko malamin ofis, ko wanda ya aje aiki, da rana yana sana'arsa, da dare ya fita sintiri, ran biki ko jana'iza ya tsaya a hanya yana ba motoci hannu. Da birnin St Helier ya bunƙasa, aikin ya fi ƙarfin 'yan sa-kai, sai aka ɗauki 'yan sandan albashi a 1853 domin birnin kaɗai, kana a 1952 aka mai da su rundunar tsibirin baki ɗaya, mai horo da kayan bincike irin na zamani, amma ba a soke ta dā ba. Ta haka wannan ɗan wuri ya kasance da runduna biyu a kafaɗa da juna, ɗaya ta gwaninta, ɗaya ta sanin gida.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki a cikin tsarin shi ne yadda aka raba iko tsakaninsu. Ko da ɗan sandan albashi ne ya yi bincike ya kama mai laifi, kome girman laifin, ba shi da ikon ya tuhume shi a hukumance. Sai an kira Centenier na gundumar da aka yi laifin, ya zo ya duba hujjoji, shi ne zai karanta wa mutum tuhuma, shi ne zai ba da beli, shi ne kuma zai fara gabatar da shi gaban majistare. Shi kansa Centenier ba a sakar masa linzami ba, domin a bisansa akwai Atone-Janar na tsibirin, wanda daga gadon sarauta naɗinsa ke fitowa, ba ministocin Jersey ke naɗa shi ba balle su tuɓe shi, kuma yana da iko ya umarci a tuhumi wanda aka ƙyale ko a janye tuhumar da ba ta da tushe. Misalin abin kamar akwatin kuɗin jama'a ne da aka sa wa kwaɗo uku aka ba mutum uku mabuɗai: ko ɗayansu ya yi niyyar ha'inci, sai ya sami yardar sauran biyu, kuma a wajen neman yardar nan asiri kan tonu.

Daga wannan iko na Centenier ne wata al'ada mai kyau ta tsiro, wadda masana shari'a daga wasu ƙasashe suka yi nazari a kanta, wato zaman bincike a zauren gunduma. Idan yaro ya fasa tagar wani, ko ya ɗauki abu a kanti, ko wani ya yi ƙaramin laifin tuƙi, kafin a yi maganar kotu sai a gayyace shi zauren gunduma da maraice, yaro ya zo da iyayensa, a zauna a ji ta bakinsa. Idan ya amsa laifi kuma laifin bai yi nauyi ba, Centenier na iya yi masa nasiha, ko ya rubuta masa gargaɗi, ko ya ci shi 'yar tara inda doka ta yarda, ko ya jinkirta hukunci na 'yan watanni a ga ko ya shiryu, ya biya abin da ya ɓata, ya nemi gafarar wanda ya cuta. In kuwa ya musa, ko bai yarda da abin da aka yanke ba, ƙofar kotu a buɗe take, ba mai tilasta masa. Duk wanda ya tashi a ƙasar da mai unguwa da limami ke kashe wutar rigima tun ba ta kai gaban alƙali ba zai gane wannan, bambancin kawai shi ne a can an rubuta iyakokin sulhun, an san laifin da ke shiga da wanda ba ya shiga, ana aje rajista, kuma akwai mai duba rajistar. Yara da yawa sun tsira daga tabon kotu ta wannan hanya, kuma ba ƙaramin alheri ba ne al'umma ta iya ladabtar da ɗanta ba tare da ta yar da shi ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce ɗan gari shi ne maganin kome, mu naɗe tabarma. Amma tsarin nan ya gamu da jarrabawa biyu masu tsanani, kuma a wajen jarrabawa ake sanin ingancin abu.

Ta fari ta zo a 1940. Da Faransa ta faɗi a hannun Jamus, gwamnatin Birtaniya ta ga ba za ta iya kare tsibiran ba, ta kwashe sojojinta. Ran 28 ga Yuni jiragen Jamus suka yi ruwan bama-bamai a tashoshin jirgin ruwa na Jersey da maƙwabciyarta Guernsey, suka kashe mutum 44, ran 1 ga Yuli kuma Jersey ta miƙa wuya, ta zauna ƙarƙashin mulkin Hitila har ran 9 ga Mayu, 1945. Jamusawa ba su rushe hukumar tsibirin ba, domin sun ga ribar barinta: babban alƙali, Alexander Coutanche, ya ci gaba da jagorancin majalisa, kotuna suka ci gaba da zama, 'yan sanda suka ci gaba da sa kakinsu na dā, sai dai an wajabta musu sara wa hafsoshin Jamus, kuma hotunan ɗan sandan Ingila yana tsaye da sojan Hitila sun zama kayan farfaganda a Balin. A watan Oktoba na shekarar aka shigar da dokar rajistar Yahudawa a kundin kotun Jersey, kuma ma'aikacin tsibirin mai kula da baƙi, Clifford Orange, shi ya karɓi sunayen. A Guernsey, mata uku Yahudawa, Marianne Grunfeld da Auguste Spitz da Therese Steiner, ta hannun 'yan sandan gari aka isar musu da umarnin su haɗa kaya a watan Afrilu na 1942, kuma dukkansu a sansanin Auschwitz suka halaka. A watan Satumba na wannan shekara aka fara kwashe mazauna tsibiran da ba a nan aka haife su ba zuwa sansanoni a Jamus, har adadinsu ya haura dubu biyu, kuma takardun rajistar da ofisoshin gida suka riga suka tsara ne suka sauƙaƙa aikin.

Adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Mutanen nan ba su da makami, ba su da tudun gudu, teku ta kewaye su, kuma hujjar shugabanninsu ita ce gara su tsaya tsakanin jama'a da maƙiyi su rage zafin abin, da su sauka a bar talakawa fuska da fuska da soja. An kuma san Coutanche ya ƙi yarda da dokar da za ta tilasta wa Yahudawa sa alamar tauraro a tufafinsu. A Guernsey 'yan sanda 18 aka gurfanar a 1942 bisa laifin fasa ɗakunan ajiya da ɗibar abinci, wanda suka ce mabukata suke ba, aka gana musu azaba, aka kai mafi yawansu kurkuku a Faransa da Jamus. Ma'aikatan gidan waya kuwa sun riƙa tsare wasiƙun tsegumi da wasu ke aika wa kwamandan Jamus game da maƙwabtansu. Amma kasancewar akwai irin waɗannan wasiƙu ita kanta izina ce: wata mai kanti, Louisa Gould, da ta ɓoye wani Barashe da ya tsere daga aikin tilas, tsegumi ne ya tona ta a 1944, ta mutu a sansanin Ravensbrück a shekarar da ta biyo. Sanin juna da ya sa zauren gunduma ya zama wurin rahama a zamanin lafiya, shi ne dai ya sa ba wanda ke iya ɓuya a zamanin fitina, domin baƙon soja bai san gidan kowa ba sai ɗan gari ya nuna masa.

Jarrabawa ta biyu ta fi ta fari ɗaci, saboda ba wani maƙiyi daga waje da za a ɗora wa laifi. A 2006 'yan sandan albashi suka fara bincike a asirce game da cin zarafin yara a gidajen renon marayu da marasa galihu na tsibirin, musamman wani da ake kira Haut de la Garenne wanda aka rufe a 1986, kuma da abin ya fito fili kusan mutum 200 ne suka zo suka ba da labarin abin da aka yi musu suna ƙanana, wasu tun shekaru da yawa da suka shige. Manyan jami'ai biyu da suka ɗauki al'amarin da gaske, shugaban rundunar Graham Power da mataimakinsa Lenny Harper, duka biyu ba 'yan tsibirin ba ne, daga Birtaniya aka ɗauko su. Binciken bai rasa kurakurai ba, har wani ɓallin abu da aka tono aka zaci ƙashin kan yaro ne daga baya aka ce ɓawon kwakwa ne. Amma a watan Nuwamba na 2008 ministan cikin gida ya dakatar da Power daga aiki, bai kuma koma ba har ya yi ritaya. Kwamitin bincike mai zaman kansa ƙarƙashin lauya Frances Oldham, wanda ya fitar da rahotonsa a watan Yuli na 2017, bai sami hujjar cewa an yi haka don a binne binciken ba, amma ya ce ministan bai faɗa wa majalisa gaskiya ba game da rahoton da ya dogara da shi, kuma ya tabbatar cewa hukumomin tsibirin sun ci amanar yaran da ke hannunsu shekaru da yawa.

Abin da kwamitin ya fi nanatawa shi ne wata ɗabi'a da shaidu suka yi ta ambata, ta rufa wa manya asiri, da fifita sunan tsibiri a kan haƙƙin mai rauni, da tsoron buɗe baki a wurin da wanda za ka kai ƙara abokin alƙali ne, ko surukin shugaban gunduma, ko mai gidan da kake haya. Tun a farkon shekarun 1990 ma an rantsar da wani mutum a cikin 'yan sandan sa-kai na St Helier alhali kotu ta taɓa kama shi da laifin lalata da yarinya, aka bar shi shekaru a kan aiki, har ya sake aikata irinsa. Kara da kunya halaye ne na kirki tsakanin maƙwabta, amma idan suka shiga ofishin mai tuhuma sai su zama zalunci ga maraya, wanda ba shi da wanda za a ji kunyarsa.

Abin yabo ga mutanen Jersey shi ne ba su rushe gadonsu don fushi ba, ba su kuma rungume shi da aibinsa ba. A dokokin da majalisarsu ta yi a 2012 an zare hannun shugabannin gundumomi daga gudanar da aikin 'yan sanda na yau da kullum, bisa hujjar cewa mutumin da ke zaune a majalisa yana yin doka bai dace ya zama shi ne mai kama mutane da ita ba. Aka kuma kafa hukuma ta musamman da za ta tsaya tsakanin minista da rundunar albashi, ban da hukumar sauraron koke-koken jama'a game da 'yan sanda da ta riga ta kasance. Har yanzu akwai masu sukar cewa Atone-Janar ɗaya ne ke ba gwamnati shawara kuma ke yanke wanda za a tuhuma, kuma sukarsu tana da ƙarfi. Amma alƙiblar gyaran a bayyane take, wato ƙara nisanta ɗan sanda daga mai mulki, da ƙara yawan idanun da ke kallonsa.

To, a nan ne labarin ya haɗu da namu. Mu ma mun taɓa samun 'yan sanda 'yan gari, tun daga dogaran sarakuna har zuwa 'yan dokan En'e, waɗanda aka tsara a shekarun 1920, kuma muƙamin Wakilin Doka ya kai darajar da 'ya'yan sarki ke riƙe shi, kamar Usman Nagogo a Katsina da Ado Bayero a Kano kafin su hau gadon sarauta. Dattawa suna tuna cewa a zamanin nan ɓarawo ba ya kwana biyu a gari ba a san da shi ba, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai dattawan da suka yi NEPU tun kafuwarta a 1950 suna tuna wani abu dabam: hana lacca, da kamun dare, da bulala, da ɗaurin da irin su Hajiya Gambo Sawaba suka sha ba sau ɗaya ba. Duka biyu gaskiya ne, kuma daga tushe ɗaya suka fito. Illar tsarin ita ce ɗan doka mai kamu, da alƙali mai hukunci, da yari mai tsare fursuna, duk albashinsu daga baitulmali ɗaya yake fitowa, duk hukuma ɗaya ke naɗa su ta tuɓe su, kuma da siyasar jam'iyyu ta shigo, hukumar nan ta zama tana da ɓangare. Wannan ne ya sa kwamitin Willink na 1958 ya karkata ga rundunar tarayya, kwamitin Gobir na 1966 ya ba da shawarar a haɗe 'yan doka cikin 'yan sandan Nijeriya, aka kuwa aiwatar daga 1968, har sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya haramta kafa wata runduna ban da ta tarayya.

Yau kuma guguwa ta juyo. Runduna ɗaya wadda ba ta kai mutum dubu ɗari huɗu ba ta kasa tsare al'umma fiye da miliyan 200, ana turo kurtu daga nesa zuwa dajin da bai san hanyarsa ba, cikin mutanen da bai ji harshensu ba, 'yan bindiga kuwa suna cin karensu babu babbaka. Jihohin Yarabawa sun kafa Amotekun a 2020, Katsina ta kafa rundunar sa ido ta al'umma a 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a farkon 2024, kuma a watan Fabrairu na 2024 Shugaba Bola Tinubu da gwamnoni suka amince a duba kafa 'yan sandan jihohi. Ni ina tare da masu cewa a kawo tsaro kusa da jama'a, domin ba a tsare gari daga Abuja. Amma mafi yawan muhawarar ta tsaya a kan ɗan gari ko baƙo, jiha ko tarayya, alhali tarihin Jersey da na En'e sun haɗu a kan cewa wannan rabin mas'ala ne. Sauran rabin, wanda ya fi nauyi, shi ne wa ke naɗa ɗan sanda, wa ke iya tuɓe shi, wa ke biyansa, kuma ina wanda ya zalunta zai kai kuka.

Mai musu zai ce, ina ruwan biri da gada, Jersey tsibiri ne na masu arziki da bankuna, ba ta san satar mutane ba, kuma aikin sa-kai ba albashi sai ga wanda ya ƙoshi. Wannan haka yake, kuma saboda haka ne ba na kira a kwafo tsarinsu. Wanda aka ba bindiga da iko a ƙasar talauci ba a ba shi albashi ba, a jikin jama'a zai nemi albashinsa, kuma abin da 'yan sa-kai marasa linzami suka jawo a Zamfara na ramuwar gayya tsakanin maƙwabta ya ishe mu wa'azi. Zaɓen ɗan sanda da ƙuri'a kuwa, a ƙasar da jam'iyyar gwamna kan lashe kusan kowace kujera duk ran da hukumar zaɓe ta jiha ta shirya zaɓen ƙananan hukumomi, ba zai haifar da kome ba sai 'yan bangar siyasa masu kaki. Abin ɗauka daga Jersey ƙa'ida ce, kuma ƙa'ida ba ta da ƙasa. Hasali ma ba baƙuwa ba ce gare mu, domin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa shugaban 'yan sanda cikin ginshiƙai huɗu na daula tare da waziri da alƙali da mai karɓar haraji, kowanne da aikinsa dabam, ya kuma sanya ma'aunin aikin shugaban 'yan sanda a kan ƙwato wa mai rauni haƙƙinsa daga mai ƙarfi. Wanda zai yi wannan aiki kuwa, ba shi yiwuwa abincinsa da rawaninsa su kasance a hannun mutumin da ya fi kowa ƙarfi a jiha.

Saboda haka, duk yadda gyaran tsarin mulki ya kaya, dokokin da za su tsara rundunonin nan su ne abin sa ido, kuma akwai sharuɗɗan da bai kamata a yi sassauci a kansu ba. Naɗin kwamishinan 'yan sanda da tuɓe shi kada ya zama na gwamna shi kaɗai, a danƙa shi ga hukuma mai wa'adi tsayayye wadda ta ƙunshi alƙalai da lauyoyi da sarakuna da malaman addinai biyu da wakilan 'yan adawa, kuma kada a tuɓe shi sai da dalili rubutacce da aka karanta a majalisa. Ikon tuhuma a raba shi da kujerar kwamishinan shari'a, wanda ɗan majalisar zartaswar gwamna ne, a ba mai gabatar da ƙara da ba ya cin abincin siyasa. Kuɗin rundunar ya riƙa zuwa kai tsaye bisa doka, don kada albashi ya zama bulala. Duk umarnin da mai mulki zai ba kwamishina ya zama a rubuce, kotu na iya nemansa. Ran zaɓe rundunar jiha ta nisanci akwati. A tsara sulhun masu unguwanni da dagatai a kan ƙananan laifuffuka, a rubuta iyakarsa, a haramta shigar da fyaɗe da cin zarafin yara da jini a cikinsa. Sa'an nan, wanda ya fi duka, a bar ƙofa a buɗe ga mai bincike daga wajen jiha duk lokacin da ƙara ta shafi mai mulki ko ɗan sanda ko wanda ake jin nauyinsa, domin yaran Haut de la Garenne ba su sami mai saurarensu ba sai da aka sami jami'an da ba su da dangi a tsibirin.

Gwamnonin da ke neman wannan iko yau ya kamata su fi kowa son waɗannan sharuɗɗa, in sun yi dogon nazari, gama wa'adinsu shekara takwas ne in ya yi tsawo, rundunar da suka kafa kuwa za ta wanzu bayansu a hannun wanda ba su zaɓa ba, watakila ma abokin gabarsu. 'Yan majalisa kuma su sani alhakin kowane mutum da za a kama bisa zalunci da dokar da suka sa wa hannu yana wuyansu, duniya da lahira. Wanda ya zo da daftarin 'yan sandan jiha a tambaye shi wa zai iya ce wa gwamna a'a a cikin daftarin nan, kuma me zai sami mutumin nan washegari. In ba shi da amsa a rubuce, a mayar masa da takardarsa ya je ya sake. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.